Ƙananan Kifi da Neman Ƙoto: Nasiha ga Matasa Masu Fatsar Dare a Gaɓar Tiga

Manyan kifayen da ake zaman jira dominsu a bakin ruwa da dare, irin su tarwaɗa da ragon ruwa, ba yawon banza suke yi a cikin duhu ba. Abinci suke bi, kuma babban ragon ruwa ƙananan kifi ne mafi yawan cimarsa. Inda ƙananan suka taru, nan manyan suke kewayawa. Inda suka watse kuwa, ko mai fatsa ya kwana a zaune ba zai ji an taɓa masa zare ba. Shi ya sa ilimin fatsa daga ƙaramin kifi yake farawa. Matashin da ya san inda kawara take kwana, da abin da ke tara ta, da abin da ke razana ta, ya samu abu biyu a lokaci guda: ƙoton da zai soka wa ƙugiya, da wurin da zai jefa ta.

Ruwan kudancin Kano

Babban ruwan kamun kifi a kudancin jihar Kano shi ne madatsar Tiga, wadda aka gina a kan Kogin Kano daga 1971 zuwa 1974, zamanin gwamna Audu Bako. Bangonta yana ƙasar Bebeji, tsawonsa ya kai kilomita 6, kuma idan ta cika ruwan yakan mamaye kusan murabba'in kilomita 178. Kogin da ke ciyar da ita daga tuddan da ke gefen Filato yake gangarowa, ya ratsa ƙasar Doguwa da dajin Falgore da Tudun Wada kafin ya zube cikinta. Hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da ita, ita ce kuma ke sakin ruwa zuwa gonakin noman rani na Kadawa da Kura. Bayan Tiga akwai tafkin Bagauda a Bebeji, sai rafuka da kududdufai a ƙasar Kiru da sauran wurare, waɗanda suke cika da damina su ƙafe da rani.

Masu fatsa a bakin teku, a Legas ko Kwatano, cika da janyewar teku sau biyu a rana shi ne agogonsu, domin shi ke kawo ƙananan kifi gaɓa, shi ke mayar da su. Madatsa ba ta da wannan. A Tiga abubuwa uku ne suke tafiyar da ƙananan kifi: haske, da iska, da hawa da saukar ruwa a cikin shekara. Duk wanda ya laƙanci waɗannan ukun ya kama hanya.

Kifayen da ake yin ƙoto da su

Kawara ce kan gaba. Jikinta fari ne mai ƙyalli, wutsiyarta da ja-ja, kuma tana da baƙin ɗigo a gindin wutsiya. Gungu-gungu take tafiya kusa da saman ruwa, tana tsintar ƙwarin da suka faɗo da 'ya'yan ciyawa. Ƙyallinta da yawan motsinta su ne suke jawo babban kifi, amma ba ta da juriya: da zarar ruwan bokiti ya ɗumama sai ta kife ciki sama. 'Ya'yan karfasa sun fi ta ƙarfin rai nesa ba kusa ba, sukan daɗe suna motsi a jikin ƙugiya, kuma a bakin gaɓa cikin ciyawa ake samun su. Sai dai su ne kifin kasuwa na baɗi, saboda haka a kansu ya fi kamata a ja hannu. A rafuka akwai wasu 'yan kifaye da ba sa wuce tsawon yatsa ko sun tsufa. Su ne ƙoton da ya fi dacewa, tunda ba a katse wa wani babban kifi girma ba. Ɗan ƙurungu kuwa a bar shi. Ƙayoyinsa uku, ɗaya a baya biyu a gefe, sukan miƙe su kulle, babban kifi ba ya son haɗiyarsa, kuma sukarsa a yatsa tana hana barci.

Halinsu daga la'asar zuwa asuba

Ƙaramin kifi ba shi da makami, saboda haka taro ne garkuwarsa. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi: idan ɗaruruwa suka juya a lokaci guda, mai farautarsu yakan rasa wanda zai bi. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke ba su damar juyawa tare shi ne wani siririn layi da ke kwance a gefen jikin kifi tun daga kai har wutsiya, wanda da shi yake jin motsin ruwa. Da shi kifi ke sanin ɗan'uwansa ya karkata, da shi kuma yake jin abu ya kusato shi ko da bai gan shi ba. Ga shi sauti yana gudu a ruwa kimanin mita 1,500 a daƙiƙa ɗaya, fiye da ninki huɗu na gudunsa a iska. Takun ƙafa mai nauyi a gaɓa, ko bokitin da aka dangwarar a kan dutse, yana isa wurin kifi tun mai fatsa bai warware zarensa ba.

Da rana gani ne ke haɗa gungun. Idan rana ta faɗi sai gungun ya sassauta, kowane nau'i ya kama gabansa. Karfasa kifin rana ce. Da duhu ya shiga takan lafe a ƙasa, kusa da ciyawa ko kututturen da ruwa ya shanye. Kawara takan ci gaba da kai da komo muddin akwai ɗan haske. A daidai wannan lokaci ne ƙananan halittun ruwa, waɗanda ido ba ya rarrabe su sai a taru, suke tasowa daga ƙasa zuwa sama domin kiwo, tare da tsutsotsin ƙwari da suka wuni cikin laka. Da gari ya waye sai su koma. Wannan hawa da sauka shi ya sa magariba da asuba suka zama lokutan cin abinci mafi ƙarfi a ruwa.

Manyan kuma a lokacin suke fitowa. Tarwaɗa da ragon ruwa kowannensu yana da gashin baki guda takwas, da su yake laluben ƙasa yana ɗanɗanar abin da ya taɓa, ga kuma hanci mai jin ƙanshi daga nesa. Duhu ba ya hana su komai. Sukan baro zurfi su biyo gefen ciyawa, da bakin rafin da ke shiga madatsa, da wurin da ƙasa ta gangara farat ɗaya daga ruwan gwiwa zuwa ruwan da ya shanye mutum. A irin waɗannan wurare ƙananan kifi suke fakewa, a nan kuma ake yi musu kwanton ɓauna.

Ruwa yana nuna alamunsa ga mai lura. Idan samansa yana 'yan tsartuwa kamar ana yayyafi alhali sama garau take, ƙananan kifi ne suke kiwo cikin kwanciyar hankali. Idan suka fantsama sama gaba ɗaya suka tarwatse, wani babba ne ya kai musu bara daga ƙasa, kuma nan ne wurin jefa babbar ƙugiya. Zalɓen da ya kafe a wuri guda da yamma ma shaida ne, domin ba ya tsayawa inda babu abinci. Saboda haka mai fatsar dare ba ya jiran duhu kafin ya fito. Bayan la'asar yake isa, ya zaga gaɓar, ya ga inda rai yake, ya kuma gane hanyar da zai bi ya fita.

Fitila da farin wata

Haske yana tara ƙananan kifi a mataki-mataki. Fitilar da aka ajiye a bakin ruwa takan fara jawo ƙwari daga sama da ƙananan halittun ruwa daga ƙasa. Sai kawara da ire-irenta su zo cin su. Manyan ba sa shiga tsakiyar hasken. A gefensa suke tsayawa, inda haske ya haɗu da duhu, suna jiran wanda zai ratse. Daga nan ƙa'ida ta fito: ƙoto a cikin haske ake kama shi, babbar ƙugiya kuma a bakin duhu ake jefa ta.

Wannan dabara tana ciyar da al'umma masu yawa a Afirka. A tafkin Tanganyika da tafkin Biktoriya masunta suna fita da fitilu cikin dare su tara ƙananan kifi su kwashe da raga, haka ma a tafkin Kariba da ke tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, inda aka kai irin kifin daga Tanganyika a ƙarshen shekarun 1960. Dukkansu sun san cewa fitila ba ta da tasiri a daren farin wata. Idan wata ya kai kwana 13 zuwa 15 haskensa yakan game ruwan duka, kifi ya bazu ko'ina. Daren fitila shi ne ƙarshen wata da farkonsa, ko kuma sa'o'in da wata bai fito ba ko ya riga ya faɗi. Lissafin watan Musulunci da kowane gida ke riƙe da shi ya isa jagora.

Fitila mai caji ta wadatar. A kafa ta ƙasa-ƙasa a kan sanda, fuskarta na kallon ruwa, a bar ta wuri guda. Taruwar tana cin lokaci, wani sa'in rabin awa, wani sa'in fiye. Kuskuren da ya fi yawa ga matasa shi ne wasa da tocila: a haska nan, a haska can. Hasken da ke yawo korar kifi yake yi. Haka nan inuwar mutum idan ta gifta tsakanin fitila da ruwa. Mai fatsa a bayan fitilarsa yake zama, ya rage motsi, ya rage murya.

Iska da lokutan shekara

Iska tana tura ruwan sama tare da duk abincin da ke yawo a cikinsa zuwa gaɓar da take busawa. Gaɓar da igiyar ruwa ke duka ba ta da daɗin zama, amma ita ce mai kifi. Da damina iska daga kudu maso yamma take zuwa, da hunturu kuma daga arewa maso gabas, saboda haka gaɓar da ta yi albarka a watan Agusta ba lallai ta yi a Janairu ba.

Da ruwan farko na damina ya sauko daga Doguwa, kogi yakan yi ja, madatsa ta fara hawa ta shanye ciyawar gaɓa. Lokacin haihuwa ke nan. Tarwaɗa da kawara sukan bi sabon ruwa su haura rafuka da fadamu su zuba ƙwai, 'ya'yan kuma su girma cikin ciyawar da ruwa ya rufe. Da kaka ƙoto yakan wadata, domin 'ya'yan damina sun tasa, ruwa ya fara komawa, dole su baro maɓoyarsu. Da hunturu ruwan gaɓa yana saurin hucewa da dare, kifi ya ja baya zuwa zurfi, cinsa ya ragu. A lokacin gara a kama ƙoto tun da sauran rana, sa'ad da gaɓa ke da ɗumi. Da bazara, sakin ruwa domin noman rani da zafin rana sukan janye madatsar, ta bar fili mai laka, kifi ya matsu a sauran ramuka da tsohuwar hanyar kogi.

Hanyoyin kama ƙoto

Hanya mafi sauƙi ita ce 'yar ƙaramar ƙugiya da siririn zare, a soka mata guntun tana, ko gara, ko shinge idan lokacinsa ne, ko ɗan curin tuwo. Kafin a fara, a jiƙa dusa a dunƙula a jefa kaɗan-kaɗan a wuri ɗaya. Dusar da ta yi yawa ƙosar da su take yi, su daina kula ƙugiya.

Akwai kuma ragar ɗagawa. Ana ɗaure raga mai kusurwa huɗu a jikin sanduna biyu da aka gicciya, a nutsar da ita ƙarƙashin fitila, a barbaɗa dusa a kai. Idan kifi ya taru sai a ɗaga ta sama a tafi ɗaya, ba tare da fizga ba. Babbarta ita ce atalla da masuntan Kainji da Jebba suke kama warangi da ita. Homa ma tana aiki a gefen ciyawa. Birgi yana kamawa da yawa, amma faɗuwarsa a ruwa tana watsa wurin na tsawon lokaci, kuma a cikin duhu yakan sarƙe da kututture. Wanda zai jefa birgi ya yi da sauran haske, nesa da inda zai kafa fatsarsa.

Tarkon gorar roba ba ya cin ko sisi. A yanke wuyan gorar, a juya shi ya shiga ciki, a ɗinke da zare, a huda 'yan ramuka a jiki, a zuba dusa ko garin ƙuliƙuli da ɗan dutse domin ta nutse. A ɗaura mata igiya a ajiye ta cikin ruwan da bai wuce gwiwa ba tun da yamma. Kifi yana shiga ta mazurarin, ya kasa gane hanyar fita. Idan an tashi a tafi da gorar gida, domin wadda aka bari a ruwa za ta ci gaba da kisa ba mai amfana.

Rayar da ƙoto da soka shi

Kifi iskar da ta narke a ruwa yake shaƙa, kuma ruwa mai ɗumi ba ya riƙe ta kamar mai sanyi. Lita ɗaya ta ruwa mai zafin digiri 20 tana ɗaukar kusan miligiram 9 na iskar shaƙa. Idan zafin ya kai 30 sai ta koma wajen 7 da rabi. Ciyawar ruwa da gansakuka suna samar da wannan iska da rana, amma da dare su ma shaƙa suke yi, shi ya sa ruwa mai ciyawa ya fi ƙarancinta gab da asuba. Tarwaɗa ba ta damu ba, tana da wata gaɓa a cikin kanta da take shaƙar iskar sarari da ita. Kawara ba ta da wannan gata. Idan aka ga kifin bokiti sun taso suna buɗe baki a saman ruwa, sun fara shaƙewa. Maganin shi ne kada a cika su da yawa, a riƙa sauya ruwan da wanda aka ɗebo daga gefen da babu ciyawa. Abin da ya fi duka shi ne a zuba su a kwando mai murfi ko bokiti mai huji, a ɗaure shi a cikin ruwan madatsar. A jiƙa hannu kafin a taɓa su, domin busasshen hannu yana goge yauƙin da ke kare jikinsu.

Ƙoto mai tsawon yatsa ya isa. Ana soka ƙugiya a bayansa, ƙasa kaɗan da ƙayar baya, ba tare da an taɓa ƙashin tsakiya ba. Idan aka taɓa shi motsi ya ƙare. A ruwa mai gudu kuma ta leɓe ake sokawa, domin kifin ya fuskanci ruwan yadda ya saba. Tsinin ƙugiya ya fito fili. Wanda ya mutu ba asara ba ne: a yanka shi biyu a ajiye a ƙasan ruwa, ƙanshinsa zai kira tarwaɗa. Sabo ya fi wanda ya kwana.

Iyakar da doka da amana suka gindaya

Ƙaramin kifi shi ne jarin ruwa. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana su da ragar da idonta bai kai milimita 76 ba, sai a wurare ƙalilan da ta keɓe, ciki har da ragar ɗagawa ta kama ƙoto. Ta kuma haramta amfani da guba, da abin fashewa, da wutar lantarki. Zuba maganin ƙwari irin su Gamalin, ko dakakken magimfa, yana kashe babba da yaro da ƙwai, ya gurɓata ruwan da mutane da dabbobi suke sha. Jan gidan sauro a ruwa ma ɓarna ce biyu: yana kwashe 'ya'yan kifin da ba su kai ƙwayar shinkafa ba, ga shi an raba iyali da kariyarsu daga zazzaɓin cizon sauro.

Mai fatsa ɗaya ba ya buƙatar fiye da abin da ƙugiyoyinsa za su ci a daren. Ragowar a mayar da su ruwan da aka kamo su tun suna da rai. Karfasar da aka samu da ƙwai ko 'ya'ya a bakinta goyo take yi, a sake ta nan take. Kada a ɗauki kifi daga wani ruwa a juye a wani. Giwan ruwa da aka saka a tafkin Biktoriya a shekarun 1950 ya cinye nau'o'in ƙananan kifi masu yawa da babu irinsu a ko'ina a duniya, kuma ba a iya fitar da shi ba. Addini ya hana almubazzaranci, al'adar masunta ma haka. Inda akwai sarkin ruwa, a gaishe shi a nemi izini, a ji wuraren da aka hana. Kalli ko tarkon da wani ya kafa amana ce; ba a ɗaga shi, ba a jefa ƙugiya a kansa.

Kare kai a bakin ruwa

Ba a zuwa fatsar dare mutum ɗaya, ba a kuma fita sai da sanin iyaye: su san gaɓar da aka nufa da lokacin dawowa. Wanda bai iya iyo ba kada ya shiga ruwan da ya wuce gwiwa, wanda ya iya ma kada ya shiga wurin da bai gani da rana ba, domin ƙasan madatsa cike take da ramuka da laka mai riƙe ƙafa. Kusa da ƙofofin sakin ruwa da manyan magudanan noman rani ba wurin fatsa ba ne. Ruwansu yana da ja, gefensu na siminti yana da santsi. Da damina rafi yakan cika farat ɗaya da ruwan da aka yi a tudu mai nisa, ko da ba a ga hadari a wurin ba. Idan aka fara walƙiya a naɗe zare a bar bakin ruwa. Dajin Falgore kuwa gandu ne da gwamnati ta killace, ba wurin shiga da dare ba ne.

A sa takalmi mai rufe ƙafa, a haska gaba kafin a taka, saboda macizai irin su kububuwa da kasa da dare suke fita. Wanda maciji ya sara a kai shi asibiti nan da nan, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure shi tamau. A sa riga mai dogon hannu saboda sauro. Akwai kuma tsargiya, wadda ƙwayarta ke fitowa daga ƙananan dodon koɗi da ke zaune cikin ciyawar ruwa marar gudu, ta huda fatar mai tsayuwa a ciki. Wurin da ƙoto ya fi yawa shi ne wurin da ta fi yawa, saboda haka a rage tsayuwa a ruwa, a sa takalmin roba mai tsawo idan da hali, kada kuma a yi fitsari ko bayan gida a bakin ruwa. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya je asibiti ba tare da jin kunya ba. Cutar tana da magani, kuma barinta yana lalata mafitsara. Ɗalibi ya keɓe fatsarsa ga daren da babu makaranta washegari, ya kuma tsara dawowarsa yadda sallar asuba ba za ta kuɓuce masa ba.